Ranar da Sabulu Ya Ƙi Kumfa a Fayid

Shekarar da babban jirgin nan ya gitta a mashigin Suwez ya tare hanya, har duniya ta yi ta magana a kansa, ita ce shekarar da na mayar da mahaifiyarku gida. Na fara da jirgin ne domin ku biyun kun gan shi da idonku. Bayan an ciro shi daga inda ya maƙale, sai aka ja shi zuwa tafkin da ke gaban garin Fayid, aka tsare shi a can wata da watanni da kayansa da mutanensa. A cikin waɗannan watanni muka je Fayid, bayan ƙaramar salla, zafi ya fara kama Alƙahira sosai.

Ummi, ke nake fara yi wa wannan rubutu, sannan ƙanenki Idi. Kin san ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Sai da furfura ta fito mini na fara zama gaban wani ɗalibi a unguwar Hayyus-Sabi' bayan la'asar, yana gyara mini riƙon alƙalami ina zana baƙaƙe kamar kaza na tono. Mutane suna zaton don aikin abincin da nake yi a kasuwar Ataba na koya. Ni kuwa na san akwai ranar da zan buƙaci in gaya miki wata magana, na kuma san ba za ki zauna ki ji ba, domin duk lokacin da na ambaci mahaifiyarki sai ki tuna kin bar tukunya a wuta. Na san abin da ke ranki. Kina ganin na gaji da zirga-zirgar asibiti ne, ko dangin Yawuri ne suka matsa mini, na ɗauke ta daga hannun likitanta na kai ta inda babu irinsa. Ni na bar ki a kan haka da gangan. Yanzu da kika haifi taki 'yar, alkawarin da ya ɗaure mini baki ya kwance.

Mahaifiyarku Kulu 'yar Sarkawa ce, masunta na Yawuri. A bakin kogin Kwara aka haife ta, kuma ta iya tuƙa kwale-kwale tun kafin ta iya ɗaura zane da kyau. Ni kuku ne. Wani Alhaji da nake yi wa girki aka turo aiki Masar ya taho da ni, da wa'adinsa ya cika ya miƙa ni ga wanda ya gaje shi, wannan ma ya miƙa ni ga na bayansa, haka na yi ta girki a gida ɗaya a unguwar Muhandisin masu gidan suna sauyawa. Da na zauna da gindina na aika aka kawo ku, ke kina goye. Idi a nan aka haife shi. Duk tsawon shekarun nan Kulu ba ta taɓa taɓa kogin Nilu da hannunta ba. Ta tagar mota take ganinsa idan muna haye gada, ga shinge, ga gine-gine, ga jiragen da ake kiɗa a ciki. Takan manna goshinta da gilashi har mu wuce, sai ta ce kogin nan an sa masa riga an hana shi gaisawa da mutane.

Ciwon zuciya ya fara mata da haki idan ta hau bene, daga baya ƙafafu suka fara kumbura. Ke a lokacin kin fara karatun jinya, kuma kowa a gidan ya san don ita kika zaɓe shi. Ke ce mai ba da magani, ke ce mai auna ta safe da yamma, ke ce kika ɓoye gishiri a saman kabad inda hannunta ba ya kaiwa. Ni da na yi rayuwata ina ɗanɗana miya, sai ga ni ina dafa mata abinci salam, ina ƙara albasa da lemun tsami don ya ciwu. Kin san kuma yadda take da ke. Ke ce 'yar fari, ba ta taɓa kiran sunanki ba, ba ta taɓa yaba miki a gaban idonki ba. Sai dai ta ce "ke" ko "yarinyar nan". Idan kin fita makaranta kuwa, sai ta ɗauki farar rigarki ta asibiti ta goge ta, ko da an riga an goge.

Cikin azumin shekarar ta fara yi mini maganar gida, kullum idan ba kya nan. Ni kuma amsata ɗaya ce.

"Bari mu gani, Kulu."

"Malam, kai da 'bari mu gani' ɗin nan, wata rana za a sa wa jikanka suna da shi."

Ummu Karim, matar maƙwabcinmu ta saman bene, ita ta kawo shawarar Fayid. Ta sauko da farantin mahshi, ganyen da suke naɗe shinkafa a ciki, ta tarar da Kulu a baranda tana kallon bangon gidan da ke gabanmu, sai ta dafa ƙirji ta ce wallahi ko lafiyayye aka ajiye yana kallon bangon nan sai ya kwanta. Mijinta Abu Karim yana da mikrobas, ƙaramar motar haya, ranar Juma'a ba ya aiki. Ta ce akwai tafki a hanyar Isma'iliyya, ba nisa, a je da safe a dawo da yamma, a ga jirgin da ake ta faɗa. Ke kika ƙi da farko. Sai da kika kira likita ya ce iska ba za ta cutar da ita ba, muddin ba ta shiga rana ba, sannan kika yarda, kika cika jaka guda da magunguna.

Kulu tambaya ɗaya ta yi.

"Ana sauka har bakin ruwan? Ba shinge?"

"Har cikinsa ma, ya Ummu Idris," in ji Ummu Karim. "Ki shiga da kayanki kamar yadda muke yi."

Daga ranar ta canja. Na ji ta tana waƙa ƙasa-ƙasa a kicin. Da safen Juma'a muna loda kaya, ga tabarma, ga kulolin shinkafa, ga butar shayi, sai na ga ta fito da wani ƙunshi ta rungume a ƙirji. Idi ya miƙa hannu zai karɓa, ta hana.

"Mama, mene ne a ciki?"

"Abin manya."

"Ko gishiri ne kika sato?"

"Ka ji ɗan banza. Gishirin da yayarka ta kai sama kusa da Allah?"

Hanyar nan har yau idan na rufe ido ina ganinta. Gine-gine suka yi ta raguwa har suka ƙare, sai yashi fari dama da hagu, rana ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Abu Karim ya sa karatun Alƙur'ani a hankali, Ummu Karim tana ɓare lemu tana miƙo wa kowa ba tare da ta tambaya ba. Can sai kore ya fara bayyana, gonakin mangwaro, rassan sun sunkuyo da 'ya'ya ɗanyu, da 'yan rumfuna a bakin titi. Kulu ta sauke takunkumin fuskarta ta zuge gilashi. Ke kika ce ta mayar, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ɗaga hanci tana shaƙa, idonta a lumshe, ta ce akwai ruwa a gaba, tana jin sa. Abu Karim ya yi dariya ya ce da sauran tafiya. Bai daɗe da rufe baki ba muka sha wata kwana, sai ga wani abu shuɗi a tsakanin gidaje, ya ɓace, ya sake fitowa.

Fayid gari ne mai barci. Gidaje gajeru masu farin fenti da ya koɗe, itatuwan dabino, karnuka kwance a inuwar motoci, ƙanshin kifi ana gasawa tun kafin azahar. Muka shiga wani wuri da ake ba da lema da kujeru, muka shimfiɗa tabarma kusa da ruwa. Ruwan a kwance yake, ba igiya, sai ɗan motsi kamar numfashin mai barci. Can nesa, inda ruwa da sama suka haɗu cikin wani farin hazo, ga jirgin. Ban taɓa ganin abu mai girma haka ba wanda ba gini ba. Kwantenoni jere bisa jere, masu launi iri-iri, kamar an ɗauko unguwa guda an ɗora a kan ruwa. Saboda zafin da ke tashi, ƙasansa ba ya ganuwa, sai ka ga kamar a iska yake rataye. Wasu jiragen suna wucewa ta bayansa a hankali, ba ka jin ƙararsu, shi kuwa yana nan inda yake.

Mu maza muka je masallaci muka dawo. Muka ci shinkafa, Abu Karim ya sayo kifin buri gasasshe, ke kika ware wa mahaifiyarki nata wanda ba a barbaɗa wa komai ba. Bayan nan wani mai kwale-kwale ya zo yana kiran masu son a matsa da su kusa da jirgin. Idi ya miƙe tun mutumin bai gama magana ba. Ummu Karim ta ja hannunki.

"Yalla, taho, ya daktora, likitarmu, yau ba asibiti. Babanki yana nan."

Kika dubi mahaifiyarki. Ita kuwa ruwa take kallo, ta ce, "Ke, tafi mana. Kin tsaya mini a ka kamar lema."

Kuka tafi, ku huɗu. Ina ganin farin mayafinki yana ƙanƙancewa. Sai da kuka zama ɗigo sannan Kulu ta jawo ƙunshinta ta kwance. Zanenta ne mai ruwan ganye, wanda ta zo da shi daga gida tun zuwan farko, da ƙaramar roba, da dunƙulen sabulun salo da wata ɗaliba ta kawo mata tsaraba ta ɓoye shi a ƙasan akwati.

"Kulu, wanki za ki yi? A nan?"

"To me ake yi a bakin ruwa, Malam? Zama?"

Na duba dama da hagu. Misirawa ne ko'ina, mata cikin ruwa da dogayen rigunansu suna riƙe da yara, maza suna buga domino a ƙarƙashin lema. Ba mai wanki. Na so in ce mata ba a yi, sai na ga fuskarta, na fasa. Na riƙe mata hannu muka taka har ruwa ya kai mata ƙauri. Ɗumi ne da shi kamar an dafa. Ta tsaya, yatsun ƙafarta suna nutsewa cikin yashi. Sannan ta yi abin da 'yan gidansu ke yi idan sun iso ruwan da ba su sani ba, ta yi bisimilla, ta kamfata da hannu biyu, ta shafa a fuska, ta kai sauran baki.

Ta furzar. Ta yi tari. Sannan ta fashe da dariya, irin wadda na manta tana da ita, har sai da ta riƙe kafaɗata.

"Malam! Ashe nan aka tara gishirin da kuka hana ni!"

Mu dai an ce mana tafki, kuma a wurinmu tafki ruwan sha ne. Ba wanda ya gaya mana ruwan teku ne ke shigowa ta mashigin. Na ce to a haƙura da wankin. Ta ce ai ta riga ta zo. Na kawo mata kujerar roba na dasa a cikin ruwan, ta zauna, ta tsoma zanen, ta goga sabulu. Ta cuɗa. Ba kumfa. Ta ƙara gogawa, ta cuɗa da ƙarfi har na ji hakinta ya fara. Sabulun sai narkewa yake yana zama wani farin dussa-dussa yana bin ruwa, zanen kuma ya yi santsi da nauyi. Wata tsohuwa da ke kusa ta leƙo, ta gane abin da ake yi, ta kaɗa hannu cikin tausayi.

"Ma'alish, ya hagga, yi haƙuri Hajiya. Wannan ruwan ba ya wanki."

Kulu ta yi mata murmushi ta gode. Ta ɗora zanen a cinya, ruwa yana ɗiga. Dariyar ta tafi, amma ba ɓacin rai ne ya maye gurbinta ba. Fuskarta ta kwanta ne kawai, kamar ruwan. Ta fara ba ni labarin wurin wankinsu a Yawuri, wani faffaɗan dutse da ke gangarawa cikin kogi, wanda ƙafafun mata suka goge har ya yi sulɓi. Ta ce da hantsi kumfa kan rufe bakin ruwan fari fat, ƙananan kifaye suna zuwa suna tsattsaga shi. Ta kira sunayen matan ɗaya bayan ɗaya, da inda kowace ke tsugunawa, da wadda ke da baki, da wadda ke aron sabulu ba ta mayarwa. Tana magana tana kallon jirgin, muryarta a hankali, har na fara jin kamar ni ma ina jin bugun wanki a kan dutse, ga kukan tsuntsayen Fayid a sama, na rasa a wane ruwan nake tsaye.

"Malam, ina jin Larabci fa," in ji ta. "Shekara nawa ina cinikin tumatir a garin nan? Na ji abin da likita ya gaya wa yarinyar nan a bakin ƙofa. Maganin riƙo yake yi, ba ya warkarwa."

"Riƙon ma ai wani abu ne, Kulu."

"Wani abu ne. Ga shi can an riƙe wancan." Ta nuna jirgin da haɓa. "Ba abin da ya same shi. Bai nutse ba. Kana ganin mutanen cikinsa godiya suke yi?"

Na dubi jirgin. Ta ci gaba.

"Ban ce ka kai ni in mutu ba. Wannan ba a hannunka yake ba, ba a hannun likita ba. Cewa na yi ka kai ni in ɗan zauna a inda ƙafata ta san ƙasa, tun ina iya takawa da kaina."

"Ummi fa? Kin san ba za ta yarda ba."

Nan ne ta juyo ta dube ni. Ta ce abin da ya sa ba ta taɓa yin maganar a gabanki ba ke nan. Ta ce yarinyar nan ta ɗauki karatun da ba shi take so ba saboda ita, tana tashi cikin barci ta saurari numfashinta, tana zaton ba ta sani ba.

"Idan ta ji ni na zaɓi tafiya, za ta ce hannunta ne bai isa ba. Za ta ce ita na guda. Wannan zai zauna mata har tsufa. Kai kuwa uba ne, fushi da uba yana da sauƙin ɗauka. Ka ce kai ka yanke."

"Ki bar ni da ita ke nan."

"Kai mai haƙuri ne, Malam. Da me za ka yi da haƙurin in ba wannan ba? Idan ta haifi nata, ta ji yadda ake kallon ɗan fari a kasa kiran sunansa, sai ka gaya mata. Kafin nan a'a."

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne abin da ya saba fitowa. Na ce bari mu gani. Ba ta yi mini ba'a ba a wannan karon. Ta matse zanen ta miƙo mini, na shanya shi a bayan kujera.

Sauran yinin ya wuce kamar mafarki. Ta kwanta a tabarma a inuwar lema, ƙafafunta a cikin yashi mai ɗumi, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba, ba tari, ba juyi. Na zauna ina kore mata ƙuda. Wani mai sayar da gasasshiyar masara ya wuce, wani yaro ya saki balan-balan ja ta tashi ta bi ta kan ruwa. Inuwar dabino ta yi ta tsawo har ta iso tabarmarmu. Da kuka dawo Idi yana ta faɗin tsayin jirgin da hannuwa biyu, ke kuwa kai tsaye kika durƙusa kika kama wuyan hannunta kina duban agogo. Kika ga gefen rigarta a jiƙe.

"Baba, ka bar ta ta shiga ruwa?"

"Ƙafa kawai."

"Ƙafa kawai. Ku biyun nan ba a barin ku."

Kulu ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ke, kin cika faɗa kamar uwar miji." Kika yi dariya ba ki so ba. Ummu Karim ta zuba shayi. Rana ta sauko ta bayan gari, ruwan ya koma kalar zuma, jirgin ya kunna fitilunsa tun duhu bai yi ba. Ba wanda ya so ya fara naɗe tabarma. A hanyar dawowa kan mahaifiyarki ya faɗo kafaɗarki cikin barci, kika zauna ba motsi har Alƙahira don kada ta farka. Na gani ta madubin Abu Karim.

Bayan 'yan kwanaki na dawo daga Muhandisin na ga zanen a kan igiyar baranda. Ya bushe ya yi tauri kamar fata, gishiri ya yi masa farin zane-zane, ga ragowar sabulu a manne. Na ɗauko na nufi famfo in ɗauraye mata. Ban san tana kallona ba.

"Ajiye shi, Malam."

"Gishirin zai cinye shi."

"Na sani. Ruwan da zai ɗauraye shi ba a famfo yake ba."

Na tsaya da zanen a hannu, famfo yana zuba. Na yi shekaru ina ce wa matar nan bari mu gani, a kan ƙananan abubuwa da manya, tana jira. Na ga idan na sake faɗa, zanen zai ruɓe a kan igiya tana kallo. Na kashe famfo. Na naɗe shi yadda yake da taurinsa, na sa a ƙasan akwatin tafiya.

Abin da ya biyo baya kin san shi. Na ce miki na yanke shawara, za mu tafi. Kika yi magana da hankali, kika kawo takardun likita, kika yi kuka, daga ƙarshe kika ce mini, "Baba, idan wani abu ya same ta, kai ne." Mahaifiyarki tana ɗaki tana ji, ba ta fito ba. Na ce na ji. Maigidana na Muhandisin ya ce ba zai iya riƙe mini wuri ba, ban ga laifinsa ba. Ke kika zauna wurin Ummu Karim saboda karatu, Idi ya biyo mu.

Abin da ba ki gani ba shi ne wannan. Mun isa Yawuri ruwa ya fara sauka, kogi ya ciko. Washegari da hantsi ta ce a kai ta dutsen. Ƙannenta biyu suka riƙe ta, ina biye da zane a hannu. Yawancin matan da ta lissafa mini a Fayid ba su nan, wasu sun rasu, wasu 'ya'yansu ne a wurarensu. Amma mai aron sabulun tana nan, ta tsufa, ta ɗago ta dube ta ta ce, "Kulu, sai yanzu? Har na cinye miki wuri." Aka matsa mata. Ta zauna a kan dutsen, ta tsoma zanen, na ga taurin yana saki a hannunta. Ta goga ragowar sabulun nan na Fayid sau ɗaya, kumfa ya tashi har gwiwar hannunta. Ta ɗebi kumfan a tafi ta daɗe tana kallo.

Ta ga damina har ƙarshenta, ta ga kaka, ta shiga sanyi. Kusan kullum sai an kai ta bakin ruwa, da ƙafarta da farko, daga baya a kan kujera. Duk maganin da kika aiko ta sha shi a kan lokaci, tana cewa kar yarinyar nan ta ji. Gishiri kuwa ba ta ƙara taɓawa ba, ko da babu mai ɓoye shi. Idan kin kira waya takan ce lafiya lau ta miƙo mini da sauri, sai bayan an kashe ta tambaye ni yadda muryarki take, ko kin rame. Ta rasu da safe, ranar wata Talata, kina tsakiyar jarrabawa. Zanen mai ruwan ganye shi aka lulluɓa a kan makara.

Ban rubuta wannan don ki ce na yi daidai ba. Wataƙila da ta zauna da ta ga aurenki. Wataƙila da ba ta kai sanyin ba ma. Likita bai sani ba, ni ma ban sani ba. Na dai gaya miki wanda ya zaɓa, da dalilin da ya sa ta ɓoye miki, kuma ba don hannunki bai isa ba ne.

Ga abin da tafiyar ta ci. Aikin Muhandisin ya tafi, yanzu 'yan kasuwar Ataba nake dafa wa abinci. Gidanmu mai baranda ya tafi. Idi ya rasa shekarar karatu guda. Ke kin rasa ganinta na ƙarshe, kuma wannan ba ni da abin da zan biya ki da shi. Ita ta rasa ko kwana nawa ne maganin Alƙahira zai ƙara mata, idan zai ƙara. Ni na rasa Kulu, na kuma rasa muryar da kike kirana Baba da ita kafin ranar Fayid. Duk cikinsu, wannan na ƙarshen ne kaɗai bai shiga ƙasa ba, shi kaɗai zai iya dawowa.